Aikin ƙwan kawa: abin da nake rubutawa daga ɗakina a Mamobi, Accra

Asabar, 19 ga Afrilu

Kaya sun haɗu, saura kawar kanta, wato dabbar ruwan gishirin nan mai ɓawo biyu da Turawa ke kira oyster. Burina kafin zango na uku ya ƙare shi ne 'yan ajina su ga ƙwai yana tsagewa gida biyu da idanunsu, ba zanen alli a allo ba. Ƙwan kaza ba zai yi wannan aiki ba, don kafin kaza ta saka shi an riga an wuce wurin tun yana cikinta. Kawa kuwa, macen takan watsa ƙwai cikin ruwa, namijin ya watsa maniyyi, su haɗu a waje. Komai a fili yake faruwa, ɗigon ruwa guda ya isa a kalla.

Maikuroskof na makaranta ne, an ba ni aro. Ma'aunin gishirin ruwa sidi 280, famfon iska irin na kifin ado, mai aiki da batir, 190, bokitai da jarkoki 160. Yadin tacewa mai ƙananan idanu, na maikiron 20 da na 40, ta intanet na saya, sidi 220. Jimla 850. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita, ƙwan kawa kuma bai wuce maikiron 50 ba, shi ya sa rariyar gari ba ta da amfani a nan. Ɗan yayata ya yanka bututun roba gunduwa-gunduwa, muka manna yadin a ƙasa, suka zama rariyoyi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tsokomey. Daga Kaneshie muka hau motar Kasoa, muka sauka a Barrier, sai tasi zuwa Bortianor. Nan ne kogin Densu yake shiga teku, wurin da aka sa tun 1992 cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayin da ƙasashen duniya suka amince a kare. Kawar da ke nan ita ce ta gaɓar Afirka ta Yamma, wadda littattafai ke kira Crassostrea tulipa. Mata ne ke da sana'ar, daga Tsokomey da Bortianor da Tetegu, kuma suna da ƙungiyarsu. Tun 2017 suke rufe tsinta na wata biyar, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, don kawa ta samu ta girma ta hayayyafa. Kenan bai daɗe da buɗewa ba muka zo.

Wata dattijuwa ce ta zaɓar mana. Da na yi mata bayanin cewa mai cikakken ƙwai nake so, sai ta riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya tana jin nauyinsu a tafin hannu, ta ware masu zurfin ɓawo. Biyu ta fasa ta nuna mini: naman fari sol, ya cika ɓawo, da wasu siraran jijiyoyi a samansa. Ta ce idan damina ta kankama ba zan samu irin wannan ba. Na rubuta maganar a gefen takarda.

Gishirin ruwan wurin ya nuna kashi 24 cikin 1,000, na teku a bakin rairayi 35. Na cika jarka biyu a lokacin da ruwa ya hau, nesa da inda ake wanki. Ruwan Jamestown da Chorkor ya fi kusa da gida, amma ƙazantar da tafkin Korle ke turawa teku ta sa ban ko yi tunaninsa ba. Kawa sidi 40, mota da kuɗin kaya 95.

Da muka shigo gida Hajiya ta leƙa buhun ta ce, “Malam, wannan dutsen kuma ci ake yi?” Na ce mata a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da teku ya fitar halal ne. Ta ce halal ɗin ya tsaya a ƙofar ɗakina, kada ya kusanci tukunyarta.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Doguwar rana. Daga ɓawo ba a gane namiji da mace, sai an buɗe, an ɗan tsaga farin naman da reza, an ɗiga a gilashi. Na namiji hazo ne da ke rawa idan ya taɓa ruwan gishiri, na mace kuwa tsaba-tsaba ne, ko da ido ana iya ganin rarrabuwarsa. Ƙananan da muka buɗe yawancinsu maza ne, manyan kuma mata, kuma haka tsarin yake a wannan dangi: da yawa sukan fara balaga a matsayin namiji, in sun girma sun tara ƙarfi su koma mace. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya ga girman abin biyu a maikuroskof. Maniyyi ba ya cin komai, ƙwai ne mai tsada.

Farin nan da dattijuwar ta nuna mini ba kitse ba ne kawai, ita ce ma'ajiyar haihuwa, wadda ta lulluɓe kayan cikin kawar. A cikinta akwai ƙananan jakunkuna masu reshe. Ƙwai yana farawa ne a matsayin 'yar ƙwayar halitta manne da bangon jaka. Yana girma yana turowa tsakiya, amma gindinsa na nan a bango da ɗan siririn wuya, yana tara gwaiduwa ta mai da furotin. Kayan da ake wannan gini da su daga ajiyar uwar suke fitowa, wato sukarin gilaikojin da ta tara lokacin da abinci ya wadata a ruwa. In ya ƙosa sai ya tsinke daga bango ya faɗa tsakiyar jaka yana jiran ranar fita. Mace guda babba tana iya zubar da miliyoyi a lokaci ɗaya.

Shi ya sa ƙwan da aka kankaro da reza ba zagayayye ba ne. Yana da tsini a gefe ɗaya, inda wuyan nan yake, ga wani babban fili mai haske a tsakiyarsa, wato cibiyar ƙwayar tun ba ta fashe ba. Na wanke su a rariyar maikiron 20, na zuba cikin ruwan teku da na tace na sirka da fiyawata har gishirinsa ya sauko 25. Cikin minti 40 yawancinsu sun dunƙule sun zama zagayayyu, filin mai haske ya ɓace. Alamar ke nan ƙwai ya shirya. Wannan wata sa'a ce da kawa ta ba masu bincike, don a wasu 'yan uwanta masu ɓawo biyu ƙwan da aka kankaro ba ya farkawa da ruwan teku kaɗai, sai an sa masa sinadari. Tun 1879 William Brooks na Jami'ar Johns Hopkins ya haɗa ƙwai da maniyyin kawar Amurka a cikin gilashi ya ga sun yi rai, alhali a lokacin ana zaton a cikin ɓawon uwa ake renonsu, tunda haka kawar Turai take yi.

Na raba ƙwan kofi uku. Na farko ɗigo ɗaya na ruwan maniyyi, na biyu ɗigo biyar, na uku cokali guda. Zafin ɗaki digiri 29. Ƙarfe 10 daidai na haɗa.

10:18, ɗan ƙaramin ƙurji mai sheƙi ya fito a saman ƙwai. Bayan kusan kwata ɗin awa na biyu ya fito kusa da shi. Da waɗannan ƙuraje ne ƙwai yake fitar da rarar kromosom, wato zaren gado da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, har ya rage masa 10, su haɗu da 10 na uba su cika 20. Ƙwan kawa bai gama wannan rabon ba yake tsayawa, sai maniyyi ya shiga sannan ya ƙarasa. (A gidajen ƙyanƙyasa na Amurka da Faransa akwai kawa mai jeri uku na kromosom, kuma ɗaya daga hanyoyin samar da ita shi ne a hana ƙurji na biyun fita. Irin wannan kusan ba ta haihuwa, don haka ƙarfinta ba ya tafiya a ƙwai, takan zauna da ƙibarta duk shekara.)

10:50, abin da na fi jira. Ƙasan ƙwai ya kumbura ya zama wani ƙullutu, sama kuma ta tsage biyu, sai ga dunƙule uku a jere da juna kamar duwatsun murhu. Ɗan yayata ya ce, “Kawu, ai uku ya rabu, ba biyu ba.” Na ce ya jira. Bayan 'yan mintoci ƙullutun ƙasa ya narke cikin ɗaya daga biyun, aka samu ƙwaya biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma sosai. Ƙullutun ba shi da cibiya, kaya ne uwa ta ware a ƙasan ƙwai tun yana manne da bango, kuma dole su tafi ɓangare ɗaya. A rabo na biyu suka sake bin ƙwaya guda cikin huɗu, wadda masana suka sa wa harafin D. Daga zuriyarta ne mafi yawan tsoka da zuciya da gaɓoɓin haihuwa suke fitowa. Edmund Wilson a 1904 ya yanke wannan ƙullutu daga ƙwan wata dabbar teku mai suna Dentalium, sai tsutsar ta fito babu rabin jikinta na baya. Kenan tun maniyyi bai iso ba uwa ta riga ta tsara inda gaba da baya za su kasance.

Rabo na uku ya fi wuyar gani. Ƙanana huɗu suka fito a sama, amma ba a kan manyan suka zauna kai tsaye ba, sun karkata sun faɗa cikin kwarin da ke tsakaninsu. Rabo na gaba ya karkata ɗaya gefen. Haka ake ta yi, dama da hagu, kuma wannan murɗaɗɗen salo shi ne na dodon koɗi da kawa da tsutsotsin teku masu gaɓa-gaɓa. Edwin Conklin ya bi shi ƙwaya bayan ƙwaya a dodon koɗin teku Crepidula ya wallafa a 1897. Ni daga ƙwaya 16 lissafi ya kuɓuce mini, maikuroskof ɗin makaranta iyakarsa ke nan.

Kofi na uku ya lalace. Ƙwai da yawa sun tsage gida uku ko huɗu lokaci guda, babu tsari, wasu sun yi ƙuraje ta ko'ina sun tsaya. Maniyyi fiye da ɗaya ne ya shiga. A teku ruwa yana tsarma shi, a kofi kuwa babu wurin gudu. Kofi na biyu ya fi kyau, na farko ƙwai da yawa sun zauna ba a taɓa su ba.

Wajen La'asar ƙwallayen suka fara juyawa a wuri ɗaya, gashi ya tsiro musu. Bayan Isha'i sun taso saman ruwa, kowace da ɗamarar gashi a tsakiya, suna ninƙaya suna murɗawa. Na kwashe na saman na zuba a bokiti mai lita 10, na bar na ƙasa.

Litinin, 28 ga Afrilu

Bayan sallar Asuba na ɗiba. Ɓawo ya fito! Siriri, ana hango ciki, gefe ɗaya miƙaƙƙe ɗaya lanƙwasasshe, siffar harafin D sak. Ƙasa da awa 20 daga haɗawa. Daga bakin ɓawon wani faifai mai gashi yake leƙowa, da shi suke iyo, da shi kuma za su riƙa jawo abinci. In na buga gilashin da farce sai su ja shi ciki su rufe su nutse. Har zuwa wannan mataki ba su ci komai ba, gwaiduwar uwa ce ta gina gashin da hanjin da ɓawon.

Laraba, 30 ga Afrilu

Canjin ruwa da rariyar maikiron 40. Suna nan.

Asabar, 3 ga Mayu

Bokitin ya mutu. Tun jiya iyo ya ragu, yau ƙasan cike yake da ɓawo fanko, wasu ƙananan halittu masu gashi suna shiga suna fita suna cin abin da ya rage. Ruwan ya fara wari.

Yunwa ce. Gwaiduwa takan kai su kwana biyu ko uku, daga nan sai abinci daga waje, kuma bakinsu ba ya ɗaukar abin da ya wuce maikiron kaɗan. A gidajen ƙyanƙyasa ana noma musu gansakukar ruwa mai ƙwaya ɗaya, irin su Isochrysis da Chaetoceros, a kwalabe masu tsabta ƙarƙashin fitila. Ni abin da nake da shi ruwan bakin kogi ne da na tace na ajiye a rana ya yi kore. Koren ya shigo da abinci kaɗan da baƙi masu yawa. A rabin bokiti na gwada yis ɗin burodi, ɗan mitsitsi, wannan rabin ya riga ɗayan ruɓewa. Masu ƙoshi cikinsu yakan yi launin ruwan zuma a maikuroskof, nawa fari fat suka zauna har suka ƙare.

Kafin kawa ta kai ga mannewa tana bukatar mako biyu zuwa uku tana iyo tana ci, ɓawonta ya yi tozo, ta kai wajen maikiron 300, ta fitar da ɗigon ido da ƙafa, sannan ta nemi abu mai tauri ta liƙe har abada. Tsakanina da wannan akwai nisa.

Talata, 6 ga Mayu

An koma makaranta. Wanke bokitai da ruwan zafi, shanya a rana.

Asabar, 10 ga Mayu

Ban sayi kawa ba yau, duwatsun gaɓa muka bi wajen Kokrobite da ruwa ya janye. A ƙarƙashin wani dutse muka tarar da 'yan kwanso a tsaye a jere, masu tauri, wasu rawaya wasu sun koma shunayya. Ƙwan dodon koɗin dutse ne, mai huda ɓawon wasu ya ci. Shi ba ya watsa ƙwansa, a cikin jikin macen ake haɗuwa, ta zuba ƙwai masu yawa a kowane kwanso ta manna a dutse. Na fasa ɗaya a gida: 'ya'yan na ciki suna juyi da faifansu na iyo, ɓawonsu ya fara naɗewa. Matakan da kawa ta yi a buɗaɗɗen ruwa shi a ɗaki ya yi su.

Wani masunci kuma ya ba mu wani gungu baƙi ƙirin da ya maƙale a ragarsa, ƙwan kifin tawada mai ƙashin alli a baya. Uwar ce take rina su da tawadarta. Shi ma dangin kawa ne, amma ƙwansa babba ne, gwaiduwa ta cika shi har ba ya iya tsagewa gaba ɗaya, wani ɗan faifai ne kawai a sama yake rarrabuwa. Babu tsutsa mai iyo a rayuwarsa, yana ƙyanƙyashewa da idonsa da hannayensa ya shiga farauta. Uwa ɗaya ta zuba kaɗan-kaɗan a miliyoyi, wata ta zuba mai yawa a ɗaruruwa. Wannan darasi zan kai aji, ya fi duk abin da ke littafinsu bayani. Mun mayar da gungun cikin ruwa bayan na ɗauki hoto.

Laraba, 14 ga Mayu

Ranar aji. Ɗan yayata ya sayo kawa jiya, ta kwana a jiƙaƙƙen buhu. Na kankare ƙwai lokacin tara, na haɗa da shigarmu aji. Ana cikin jiran rabo na farko aka ɗauke wuta, fitilar maikuroskof ta mutu. Tocilan waya muka kwantar a ƙasa da farar takarda a kai, kuma ya yi, har gefen ƙwayoyin ya fi fitowa. Layi ya yi tsawo, ƙwai kuma ba ya jiran kowa: na gaba sun ga dunƙule uku, na tsakiya biyu, na baya huɗu, sai gardama ta kaure kowa yana cewa nasa ne daidai. Na bar su suka zana a allo bisa layin da suka tsaya, jerin ya fito da kansa.

Wata yarinya ta ce, “Malam, a ina lu'ulu'un yake?” Mai lu'ulu'u na ado wani dangi ne daban, Pinctada. Tamu ba ta da wannan sheƙi a cikin ɓawonta. Ranta bai so ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Ruwan sama tun dare, Nima da Mamobi duk kwata ta cika. Ban fita ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Maganar dattijuwar ta tabbata. Ruwan bakin kogin ya koma ja, ma'auni ya nuna gishiri 9. Haka damina take yi a nan, kuma in madatsar Weija da ke sama ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan daɗi yakan mamaye wurin gaba ɗaya. Kawa tana iya rufe ɓawonta ta jure na ɗan lokaci, in abin ya daɗe sai ta mutu. Matan sun ce tsinta ta yi wuya, ba a ganin ƙasa.

Waɗanda na samu da na buɗe su naman ya zama ruwa-ruwa, ana hango duhun cikinsu, farin ya tafi. Sun riga sun zubar, ko kuma suna janye abin da ya rage su ci. Mace biyu ne suka ba da ɗan ƙwai. A maikuroskof ƙanana ne, masu dogon wuya, wasu fatarsu ta yage. Awa guda da rabi a ruwan gishiri 25, mafi yawansu tsininsu na nan, filin tsakiya bai ɓace ba. Na haɗa duk da haka, da ruwa iri ɗaya da zafi iri ɗaya da ɗigo biyar ɗin nan. Kaɗan suka tsage. Washegari 'yan da suka yi ɓawo gefensu miƙaƙƙe ya lotsa ciki, wasu ɓawon bai rufe jikin ba.

Babu abin da na canza tsakanin 27 ga Afrilu da yau sai uwar. Ina ta sayen famfo da ma'auni ina zaton a ɗakina ake yin nasara, ashe ranar farko ta rayuwar kawa an gama shirya ta makonni kafin haka, a ƙasan Densu, da abin da uwar ta ci da gishirin da ta zauna a ciki. Reza kuma ba ta bambanta ƙosasshen ƙwai da ɗanye, duk ta kankaro. Masu gidan ƙyanƙyasa sukan ajiye iyaye su ciyar da su makonni, sannan su sauya musu ruwa mai sanyi da mai ɗumi har su zubar da kansu, don abin da kawa ta saki da kanta ya fi nuna. Kawa sidi 50, mota 100, asara.

Asabar, 31 ga Mayu

Kuɗin da ya fita zuwa yau sidi 1,310, har da batir da fiyawata. Na dakatar da haɗa ƙwai har gishiri ya dawo. Ragunan layya sun cika bakin titi, aljihu ma ya karkata can.

Bayan Sallah abu biyu. Zan je sashen kimiyyar teku na Jami'ar Ghana a Legon da takarda daga makaranta, in roƙi ɗan irin gansakuka, in fara noma shi a kwalaben lita ɗaya da rabi. Zai bukaci fitila mai caji da tukunyar dafa ruwa, na ƙiyasta sidi 300. Ba zan sake haɗa ƙwai ba sai kwalba uku sun yi launi sun tsaya mako biyu ba su lalace ba.

Na biyu, na yi magana da dattijuwar a kan igiyoyi. Matan dama suna mayar da tsofaffin ɓawo cikin ruwa don 'ya'ya su samu wurin mannewa. Zan huda ɓawo 10 a kowace igiya, igiya shida, ta ɗaura mini a inda ta ga ya dace idan ruwa ya lafa, in riƙa ɗaga ɗaya duk mako biyu ina ƙirga abin da ya liƙe. Ko bokitina bai kai su ba, yara za su ga matakin ƙarshe daga kogin. Ta ce igiyar nailan zan kawo, ta sisal ruɓewa take yi. Sidi 60 a Kaneshie.